Yadda ake mayar wa tsohuwar mota launinta na asali

Wata uku da suka wuce wani saurayi ya shigo garejinmu na Yelwa, nan Garwa, yana jan wata Peugeot 504 da igiya a bayan a-kori-kura. Motar mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa. Ya gaishe ni ya ce, "Baba, so nake ta koma yadda na san ta ina yaro." Na ce, "Ɗana, wane launi ne?" Ya ce shuɗi. Ya kira yayarsa a waya don ta gaskata shi, ita kuma ta rantse kore ce. Motar kuwa ga ta a gabanmu rawaya, domin bayan rasuwar tsohon ta yi shekaru tana taksi.

Fiye da shekara talatin ke nan ina fesa wa motoci fenti, kuma irin wannan gardama ba ta ba ni mamaki. Mutane na mantawa, amma jikin mota yana ajiye duk launin da aka taɓa shafa masa. Zan bi da kai aikin wannan motar tun daga neman launi har ranar da muka miƙa makulli, don mai tsohuwar mota da yaron da ke koyon sana'ar su san abin da ya kamata su gani a kowane mataki.

Fara neman launin kafin ka sayi komai

Kada ka dubi rufin mota ko kafo, wato murfin inji, ka ce ka ga launi. Ranar Garwa ta riga ta cinye su. Ka nemi wuraren da rana ba ta kaiwa, waɗanda kuma mai fentin da ya gabace ka ya yi ƙyuyar kwancewa: ƙarƙashin robar ƙofa, bayan kwalin ƙofa na ciki, ƙarƙashin kafet, cikin but wajen da tayar safaya take zama, bayan allon mitoci. A motar saurayin nan mun ɗaga robar gilashin baya, sai ga wani siririn layi ruwan madara, sumul, irin shafin da hannu ba ya yi.

Sai na ɗauki samfefa mai lamba 400 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin samfefar) na goge wuri kamar faɗin tafin hannu a ƙofar baya, a kaikaice, ina faɗaɗa shi sannu a hankali har na kai ƙarfe. Idan ka yi haka launuka kan fito zobe-zobe kamar albasar da aka yanka. Rawaya a sama, shuɗi a ƙarƙashinta, sai kore, sai ruwan madara, sai shafin farko na masana'anta. Ashe da shi da yayarsa duk gaskiya suka faɗa, kowa ya riƙe launin da ya buɗe ido ya gani. Na ce ya je ya tambayi Hajiya mahaifiyarsu. Washegari ya dawo da amsa: ranar da motar ta shigo gida ruwan madara ce, kuma haka take so ta sake ganinta.

Bayan ido, akwai lamba. Kowace masana'anta tana ba launi lambarsa. A motocin Toyota za ka same ta a ɗan faranti ko takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 4E9 kuwa shi ne ruwan ƙasar nan na Land Cruiser da muke gani kullum a hanyar Marwa da Kusseri. Peugeot na baya-bayan nan haruffa uku suke amfani da su, kamar EWP na fari. A tsofaffi irin 404 da 504 ka duba cikin ɗakin inji da kyau kafin ka wanke shi da fetur, kada ka goge abin da kake nema. Farantin ƙarfen da ke wurin zai kuma gaya maka inda aka haɗa motar. An fara ƙera 504 a Sochaux ta Faransa a 1968, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa Peugeot a Kaduna, kuma da yawa cikin waɗanda na taɓa da hannuna ta Yola da Mubi suka shigo mana.

Ko ka sami lambar, kada ka miƙa wa mai haɗa fenti ita kaɗai. Kwance wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da launin asali ka tafi da shi. Ya haɗa kaɗan, ka fesa a gutsuren kwano, ka bar shi ya bushe sarai, domin fenti jiƙaƙƙe da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Ka gwada su a waje da hantsi, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Na sha ganin launi biyu sun zama ɗaya a cikin shago, da aka fito rana suka rabu.

Ka san irin fentin da ke jikinta

Wannan ne matakin da yara suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi ɓata aiki. Fenti iri-iri ne, kuma ba kowanne ke zama lafiya a kan ɗan'uwansa ba. Maigidana, Allah ya kai haske kabarinsa, ba ya barin yaro ya riƙe bindigar fenti sai ya san daga ina kowane iri ya fito, don haka bari in ba ka shi kamar yadda na karɓa, da abin da na ƙara sani daga baya.

Lokacin da Karl Benz ya yi motarsa mai ƙafa uku a Jamus a 1886, da shekarun da suka biyo baya, babu wani abu wai shi fentin mota. Masu fentin keken doki ne suka karɓi aikin, da burushi da man 'ya'yan wata shuka da ake kira linsid da wani ƙaron itace mai suna kopal, wanda ake kwasowa daga Zanzibar da Kwango. A shafa, a jira kwanaki ya bushe, a goge da dutse mai laushi, a sake shafawa, wani lokaci har sau ashirin ko fiye. Mota ɗaya takan yi makonni a ɗakin fenti, ana tsaron ƙura da ƙuda. In ta fito tana da kyau na gaske, kore mai duhu ko ja ko shuɗi da siraran layuka na ado, amma kafin shekara ɗaya ko biyu ƙyallin ya dushe, sai an sake.

Henry Ford ya fitar da Model T a 1908. Mutane da yawa sun ɗauka tun farko baƙa ce, alhali motocin shekarun farko sun fito da ja da kore da ruwan toka, daga baya shuɗi. A 1913 ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, kusa da Detroit, lokacin haɗa ƙashin mota ya sauko daga sa'a goma sha biyu da ɗoriya zuwa kusan sa'a ɗaya da rabi. To ina amfanin haɗa mota cikin sa'a ɗaya da rabi idan launuka barkatai za su tsayar da ita? Daga 1914 zuwa 1925 sai ya tsaya a kan baƙi kaɗai. Baƙin nan dangin kwalta ne, yana da araha, yana da ƙarko. Ƙananan ƙarafa kamar marfin taya ana tsoma su cikin kwatami a gasa su a tanda, gangar jikin kuwa, da yake akwai katako a cikinta, da tiyo ake kwarara mata fentin ta bushe a iska. An ƙera Model T fiye da miliyan 15 kafin a daina a 1927, kuma farashinta ya sauko daga dala 850 zuwa dala 260 a 1925. A Faransa ma André Citroën ya bi wannan dabara ta launi ɗaya: ƙaramar motarsa 5CV ta 1922 da rawaya ta fara fitowa, har mutane suka yi mata laƙabi da lemon tsami. Motocin kamfaninsa ne, masu sarƙa a baya maimakon taya, guda takwas, suka taso daga Aljeriya a 1924 suka bi ta Damagaram da Tafkin Cadi suka sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Duk lokacin da na tuna wannan nakan yi tunanin yadda ƙurar hanyar nan ta yi da jikinsu.

Abin da ya buɗe ƙofar launuka auduga ce, irin wadda manyan motocin Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, suke wucewa da ita ta gaban garejinmu. Idan aka jiƙa zaren auduga da wani ruwan asid ana samun sinadarin da ake yin albarushi da shi. Kamfanin DuPont na Amurka, wanda asalinsa mai yin albarushi ne, ya gano yadda za a narka wannan sinadari ya zama fenti, ya sa masa suna Duco. General Motors ya fara shafa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Fentin da a da ake jira makonni yanzu sa'o'i kaɗan sun ishe shi, domin ba ya jiran mai ya daskare, ruwan da aka narka shi da shi ne kawai ke tashi. Amma saurin bushewar ya hana a shafa shi da burushi, dole sai feshi. Bindigar feshin kuwa daga ɗakin likita ta fito: wani likita a Toledo ta jihar Ohio mai suna Allen DeVilbiss ya ƙera abin fesa magani a hanci da maƙogwaro, ɗansa Thomas ya mayar da shi na fenti a 1907. Har yau akwai bindigogi masu wannan suna, kuma wadda na gada daga maigidana irinsu ce. Da masu saye suka ga launuka a motocin General Motors, Ford da kansa ya dawo da su a 1926.

Wannan fenti na auduga shi muke kira selulos. Bayansa aka yi na roba mai bushewa a hankali, wanda muke kira sintetik, sannan na zamani mai zuwa gwangwani biyu, fenti da sinadarin da ke ƙarfafa shi, wanda mu a nan muke kira dursisar. Daga wajen shekarun 1980 kuma masana'antu suka koma shafa launi daban, su rufe shi da berni, wato ruwan ƙyalli marar launi. Tsohuwar mota a ƙasarmu takan zo da uku ko huɗu cikin waɗannan a jibge a kan juna.

Gwajin mai sauƙi ne. Jiƙa farin tsumma da diliwan na selulos, wato ruwan tsinka fenti, abin da mutanen Yola ke kira tina, ka danna a wani lungu na minti ɗaya. In fentin ya narke ya biyo tsumma, selulos ne. In ya yamutse kamar fatar tsoho, sintetik ne. In bai motsa ba, mai dursisar ne ko gasasshen masana'anta. Sannan ka goga samfefa mai laushi: garin da ya fito in fari ne alhali motar ba fara ba ce, akwai berni a sama.

Ina shekara ta uku da koyo na fesa selulos a kan sintetik a motar wani malamin makaranta, ban gwada ba. Kafin mu idar da sallar azahar rufin motar duk ya tattare. Malamin ya tara kuɗin nan wata da watanni. Maigidana bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kai za ka kankare ta har ƙarfe, ni zan sayi fentin." Kwana tara na yi a kanta, kuma har yau ina jin nauyin kallon da mutumin nan ya yi wa motarsa. A 504 ɗin saurayin rawayar sintetik ce, shuɗin selulos, don haka ban yi wata shawara ba: duka muka kankare.

Aikin da ba a gani

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Feshin kansa bai fi aikin safiya ɗaya ba, amma mun yi mako biyu kafin mu kai gare shi.

Fara da wanki, ruwa da sabulu, sannan ka bi ta da sinadarin cire maiƙo, kafin samfefa ta taɓa ta. In ka goge a kan maiƙo ka tura shi cikin jiki ne, zai kuma fito maka a sabon fenti ƙananan ramuka da muke kira idon kifi. Man da ake fesa wa allon mitoci da tayoyi don su yi ƙyalli shi ne babban mai jawo wannan, kada a buɗe shi ko kusa da inda kake aiki. Kwance fitilu, bamba, hannun ƙofa, tambari da robobi. Wanda ya rufe su da salatif ya fesa zai bar baki a gefensu, kuma daga bakin nan fenti ke fara ɓarewa. Zuba kusoshin kowace ƙofa a gwangwaninsu daban.

Ɗauki maganaɗisu ka bi jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, mastik ne, wato kwaɓin cike lotsawar jikin mota, aka jibga a wurin, kuma sau da yawa tsatsa ce ko rami a ƙarƙashinsa. A 504 ka duba gindin ƙofofi, bakin marfin taya, kewayen gilashin gaba da ƙasan but. Tsatsar da ta huda ƙarfe maganinta tolye, wato mai gyaran ƙarfen jikin mota: ya yanke, ya yi waldar sabon ƙarfe, ya buga ya daidaita. Ba na yarda da cusa takarda ko ragar sauro a rami a shafe da mastik, ko da mai motar ne ya roƙe ni don sauƙin kuɗi. Damina ɗaya za ta tona asirin.

Mastik na gyaran ƙananan lotsawa ne, kaurinsa kada ya wuce milimita 3. Jan sinadarin da ke daskarar da shi kaɗan ake sawa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kamar ƙwayar wake a kan dunƙule mai girman ƙwan kaza. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, yakan daskare a hannunka cikin 'yan mintoci, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Goge shi da lamba 80, ka bi da 180, a kan katako miƙaƙƙe ba da yatsu ba, domin yatsu kan bi rami su ƙara masa zurfi. Kuma a bushe. Mastik yana shan ruwa kamar bulo, ruwan kuma zai zauna a ciki har sai rana ta dafa shi ya tayar maka da ƙuraje a sabon fenti.

Ƙarfen da ka kankare kada ya kwana tsirara, musamman da damina ko in garejinka na kusa da Binuwai. Ranar da ka kankare, ranar za ka fesa masa shafin hana tsatsa. A kansa sai shafin cike ƙofofi, wanda muke kira afire, sau biyu ko uku, da bindiga mai bakin milimita 1.8. In ya bushe, ka yayyafa masa baƙin fenti sama-sama kamar hazo, sannan ka goge da 400. Duk inda baƙi ya maƙale akwai kwari a wurin. Rufe ido ka bi da tafin hannu, hannu na jin abin da ido bai gani ba. In launin mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne ka ƙarasa da 600, domin shi ba ya ɓoye zane.

Ƙirjinka

Zan tsaya a nan kaɗan domin na binne abokan sana'a da tari ya ci. Tsofaffin fenti, musamman ja da rawaya, sukan ƙunshi dalma, kuma garinsu kake shaƙa in kana gogewa. Dursisar kuma yana ɗauke da guba mai kama huhu, wadda kan bar mutum da asma har ƙarshen ransa. Tsumman da ake ɗaurewa a hanci da takunkumin takarda ba sa tare ta. Ka sayi takunkumin roba mai gwangwanayen gawayi biyu, ka riƙa canja gwangwanayen, ka ajiye shi cikin leda a ɗaure in ba ka aiki. Wanda ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo ya fi duka, in kana da hali. Rufe hannu da ido, kada kuma ka wanke hannu da diliwan. Maganar da ake yi cewa in ka sha madara ko kindirmo bayan feshi ya wanke gubar, ba gaskiya ba ce: madara ciki take zuwa, guba kuwa tana huhu. Yaran da ke koyo a wurina ba mai shiga rumfar feshi ba takunkumi, ko da na minti ɗaya ne. Sigari da murhun shayi su yi nisa, selulos ɗan'uwan albarushi ne.

Zaɓen rana da sa'a

An yi fentin mota don ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25, marar ƙura. Mu ba mu da wannan ɗaki, sai mu nemi sa'ar da Allah ya ba mu mai kama da shi. A ganina babu kamar ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da bazara zafi kan busar da fenti tun yana iska ya sauka kamar yashi, a Agusta kuma laima kan sa selulos ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. In dole ne ka yi aiki a zafi, ka nemi diliwan da dursisar masu jinkirin bushewa, ana sayar da su, sai dai ka tambaya.

Daren feshi mukan share rumfa, mu kewaye ta da tamfol, mu rufe gilasai da takarda mai kauri. Jarida tana zubar da gashi kuma diliwan na ratsa ta. Da asuba, bayan an sallame, mu yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, mu buɗe ƙasan tankin kwamfaresa ruwan da ya taru ya zube. Wannan ruwan in ya biyo tiyo ya shiga bindiga, aikin mako biyu ya tashi. Daga nan a goge motar da tsumma mai danƙo sau ɗaya, a fara kafin ƙarfe bakwai, kafin masu babur su tayar da ƙurar titi.

Ga motar Hajiya na zaɓi fenti mai dursisar wanda ba ya bukatar berni, domin ƙyallinsa ya fi kama da na motocin wancan zamani, kuma ya fi selulos jure rana nesa ba kusa ba. Berni mai kauri a kan 504 yakan sa ta yi kama da abin da ba ita ba. Lita huɗu ta ishe mu har da cikin ƙofofi. Yawanci ana haɗa kashi biyu na fenti da kashi ɗaya na dursisar, a ƙara diliwan kamar kashi 10 cikin ɗari, amma abin da aka rubuta a gwangwaninka shi ne hukunci. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan kam ka ajiye ido ka ɗauki kofin awo. Tace shi kafin ka zuba a bindiga, kuma kada ka haɗa fiye da abin da za ka fesa a lokacin, domin da zarar dursisar ya shiga, agogo ya fara.

Bakin bindiga milimita 1.3 ko 1.4, matsin iska wajen "bar" 2 a mitar awon iska. Gwada a kwali tukuna, feshin ya fito kamar tsayayyen ƙwai, ba mai kauri a sama ko ƙasa ba. Tsakaninka da mota taƙi ɗaya, bindiga a miƙe tana kallon ƙarfe, kafaɗa da ƙafa ke tafiya, wuyan hannu ba ya lanƙwasa. Ka fara motsi kafin ka danna, ka saki bayan ka wuce bakin ƙarfe, kowane layi ya hau rabin na samansa. Rufi ake farawa, a sauko, a bi mota a kewaye ba tare da an bar wani gefe ya bushe kafin a haɗe shi da na kusa ba. Shafin farko siriri ne, kana hango afire ta cikinsa, kada hakan ya dame ka. Jira minti goma zuwa sha biyar, ka taɓa salatif ɗin gefe: in yana danƙo amma bai biyo yatsa ba, ka yi na biyu, cikakke mai jiƙa. In ka yi nisa ko ka yi sauri, jiki zai fito kamar ɓawon lemo. In ka matso ko ka yi nawa, zai zubo da hawaye. Hawaye in ya zubo kada ka taɓa shi, haka ƙwaron da ya faɗa. Bari su bushe, bayan kwana biyu ka goge da 1500, ka bi da 2000 da ruwa, ka murza da man gogewa, wurin zai ɓace.

Cire salatif tun fenti bai gama ƙarfi ba, kana jan sa baya a kwance, don kada ya yage baki. Mota ta kwana a rumfa. Washegari za ka iya fitar da ita ta sha hantsi, amma ba ranar tsaka ba. Mayar da robobi da hannayen ƙofa sai bayan kwana biyu ko uku, kuma in robar ta tsufa ka sa sabuwa, tsohuwa ita ke shigar da ruwan da ya kawo tsatsar tun farko.

In kai ne ke zaɓen launi ba gado kake mayarwa ba, ga shawarata: fari da ruwan madara da ruwan ƙasa su ne na ƙasarmu. Ba sa ɗaukar zafi kamar baƙi, ba sa nuna ƙura, kuma sun fi yafe wa ƙarfen da bai miƙe sarai ba. Ja yana da kyau amma shi rana ta fi saurin ci. Baƙin da ya yi wa Ford rana a Detroit, a Garwa cikin Afrilu ba ka iya dafa rufinsa da hannu. Kafin ka canja wa mota launi gaba ɗaya kuma, ka leƙa ofishin sufuri ka tambayi abin da takardunta ke bukata.

Ranar da saurayin ya zo ɗaukar motar, tare da Hajiya suka zo. Ta kewaye ta sau ɗaya, ta dafa ƙofar gaba ta ɓangaren da maigidanta ke zama, ta yi masa addu'a, muka shafa. Na ba yaron ragowar fentin a ƙaramin gwangwani, na rubuta lambar haɗin a murfinsa da kuma cikin but. Na ce masa wata guda kada ya rufe ta da tamfol, kada ya shafa mata man ƙyalli, domin fentin na ci gaba da fitar da numfashi. Wanki da ruwa mai yawa da tsumma mai laushi, a inuwa, ba da garin sabulun wanki ba, kuma kada ya bari yara su share mata ƙurar hunturu da busasshen tsumma, sai an fara kwarara ruwa. Kashin tsuntsu a wanke shi a ranar. Ya ce a gidansu gindin dalbejiya ake ajiye ta tun zamanin Alhaji. Na ce ya kafa mata rumfar zana a gefe, kuma ya dawo da ita bayan sallah in duba gindin ƙofofin.